Tozon Mudu a Baƙar Taga

A gindin buhunan Inna na koyi sana'a, a layin 'yan awo na kasuwar Gummi. Ita tana auna gero da shinkafa, ni ina riƙe bakin buhu. Abu na farko da hannuna ya iya shi ne cika mudu. Ba a shafe shi a miƙa wa mutum. Sai an tara hatsi a kansa ya yi tozo, yana zubowa ta gefe, sannan a juye. Wanda ya ce a ba shi mudu, mudu da tozonsa yake nufi, kuma ba a ma faɗa don kowa ya sani. Daga awo na koma dillancin hatsi, a can na ƙara koyon cewa duk lambar da mutum ya faɗa maka, ya ɓoye wani abu a bayanta. Mai sayarwa ya ɗora, mai saye ya rage, kai kuma ka lalubo inda gaskiyar ta kwanta. Daga baya na shiga sayar da injin ban-ruwa. Da fetur ya gagari manoma, na koma famfo mai aiki da hasken rana, wanda kowa ke kira sola. Kaya sun yi ta canzawa a shagona, amma hannun na layin 'yan awo ne har yau.

Ina da taubashiya, 'yar kawuna, wadda ta ɗan girme ni. Tun muna yara ba ta taɓa kirana da komai ba sai ɗan gwaggo, kuma da irin muryar da ake korar akuya daga shanya. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da fadamarsu ta bakin gulbi, tana noman shinkafar rani, da ita take ciyar da gidan. Ni na zauna mata a kai har ta yarda ta koma sola. Na karɓi tsohon injinta mai shan fetur a cikin cinikin, kuma kafin a gama kafa mata fanel na sayar da shi ga wani mutumin Adabka. A lokacin na ɗauki hakan a matsayin iya kasuwa.

Famfon ya yi aiki lafiya har aka yi dashe. Sannan ya tsiro da hali. Ranar da ta zo shagona ko zama ba ta yi ba.

"Ɗan gwaggo, wanga injin da kas saida min, ɗan sarauta na?"

"Mi yay yi?"

"Shi ɗan taɓa aiki, shi kwanta. In ka tashe shi, shi buɗe maka jan ido. Ga dashe ƙasa, ga rana bisa. Maido min tsohona mai hayaƙi, shi ko da tari shina aiki."

"Tsohonki shina Adabka."

"To kai za ka zama injin. Ka taho da bokiti."

Shinkafar da aka dasa ba ta da haƙuri. In ƙasa ta tsage kafin saiwa ta kama, ta tafi. Irin da ta raina kuma ya ƙare duka a dashen, babu na sakewa. Maƙwabtanta na fadama kowa injinsa na kan tasa gonar, wanda ya fi kirki a cikinsu yakan ara mata na ɗan lokaci da yamma, abin da bai isa ya jiƙa rabin fangalolin ba.

Na kira injiniyan kamfanin da nake saro kayan a Kano. Ban taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai na sani, murya ce ta mutumin da ya saba da dillalai. Ya ce laifin na akwatin da ke tsakanin fanel da famfo ne. Akwatin yana da wani tsaro a cikinsa, in ya ji kamar rijiya ta ƙafe sai ya kashe famfon don kada ya ƙone. A masana'anta an saita shi don rijiya mai zurfi. Ta fadama kuwa ruwanta a kusa yake, famfon ba ya jin nauyi, sai akwatin ya zaci iska yake ja. Magani shi ne a shiga cikinsa a sauke masa wannan ma'auni. Irin wanda na saro, mai rahusa, ba shi da maɓallai a jiki. Sai an jona shi da kwamfuta ta wani kebul da ke cikin kwalinsa, a buɗe wata manhaja da ya kira taminal.

"Mene ne aikinta?" na tambaye shi.

"Baƙar taga ce kawai, Alhaji. Ita ba ta san komai ba. Abin da ka rubuta ta kai wa akwatin, abin da akwatin ya ce ta nuna maka."

"Ashe dillali ce."

"To, dillalin da ba ya ƙari, ba ya ragi."

Na yi dariya. A raina na ce wannan ba zai yi mako a kasuwa ba.

Ya turo mini manhajar ta waya, ya bi ta da saƙon murya yana faɗin abin da zan sa a kowane gida na shafin saiti. Ina da wata tsohuwar laftof da nake nuna wa masu saye hotunan kaya. Na cika mata caji, na ɗaure ta a bayan babur, na sauka fadama.

Matsala ta farko rana ce. Allon ya zama madubi, ba na ganin komai sai fuskata tana zufa. Na tuɓe babbar riga, na tsuguna a gindin akwatin, na lulluɓa da ni da laftof ɗin. Ina ciki na ji wani makiyayi da ya koro shanu shan ruwa ya tsaya.

"Sannu, bawan Allah. Zazzaɓi na?"

'Yar kawu ta amsa masa daga kan kunya. "Sirace shika yi. Ka yi mai addu'a."

Ya yi kuwa, doguwa, ya wuce.

Gida na farko yana tambayar ƙofar da kebul ɗin ya shigo. Akwai sunaye a jere, duk kama ɗaya. Na zaɓi na sama, tagar ta buɗe baƙa ƙirin, wani ɗan haske yana ƙyafta ido a kusurwa, shi ke nan. Na sake sauraron saƙon. Injiniya ya ce a zare kebul a duba sunan da ya ɓace, a mayar a ga wanda ya dawo. Na yi haka, na kama ƙofar. Daɗin da na ji a ƙarƙashin rigar nan ya wuce misali, kuma ina ganin shi ya ja mini abin da ya biyo baya, don daga nan na fara jin ni da injiniyan kusan sa'o'in juna ne.

Gida na biyu shi ne na gudu, wato saurin da maganar za ta riƙa tafiya a cikin kebul. Ba zaɓa ake yi ba, da hannu ake rubutawa. Muryar ta ce dubu tara da ɗari shida.

Na rubuta, na zauna ina kallonta. Lamba ce mai gutsuren baki, mudun da aka shafe har aka ɗan kwashi na ciki. Na san mutanen kamfani, kullum suna rage wa kaya ƙarfi a baki don kada a dawo musu da shi. In sun ce famfo yana cika tanki kaza, ka ɗora wani abu a kai ba ka yi asara ba. Akwatin sabo ne fil, zai ɗauka. Kuma in gudu ne, wanda ya fi sauri ai shi zai fi saurin kai ruwa gonar baiwar Allah. Na goge, na rubuta dubu goma cif. Sauran gidajen ƙananan lambobi ne da babu inda za a ɗora musu komai, na bar su yadda ya ce.

Na danna, rubutu ya zubo. Wasu haruffan na gane su, har na tsinci rabin sunan da ke jikin kwalin famfon. Sauran kuwa 'yan akwatuna ne da alamun tambaya da wasu ƙugiyoyi, kamar kaji sun bi ta kan ɗanyen laka. Na rubuta kalmar da injiniya ya ce in fara da ita. Akwatin ya amsa da wani layin sawun kajin.

Ga yadda ɗan kasuwa ya karanta wannan. Rabi ya fito, ke nan an kusa daidaitawa, saura ƙiris. Na ƙara masa zuwa dubu goma sha ɗaya. Rabin ma ya gudu. Na kai sha biyu, abin ya zama shara zalla. Sai na dawo dubu goma, inda muka fi kusa da sallamawa, na tsaya a nan. Sauka ƙasa bai ko gifta mini a rai ba. Ban taɓa shiryawa da mai saye ta hanyar rage masa mudu ba.

Da na rasa abin yi na shiga sauran shafukan saitin. Na tarar ana iya canza girman rubutu da launinsa. Na ƙara wa haruffan girma, na mayar da su kore, na sa bayan ya koma shuɗi, na ga bai yi kyau ba na dawo da baƙin. Na ɓata lokaci mai tsawo a kan wannan. Da na gama, sawun kajin ya zama manya-manya kuma kore shar, ana iya hango shi daga nesa.

"Ɗan gwaggo, ruwa ko labari?"

"An kusa."

"Shinkahwa ba ta jin an kusa."

A fadamar babu sabis sai an hau wani tudu da ke da tsamiya a kai. Na hau na kira Kano, na kwatanta masa abin da nake gani.

"Ka kama ƙofar?"

"Na kama."

"Gudun fa, ka sa yadda na ce?"

"Na sa."

Ban yi masa ƙarya ba. Da Inna za a tambaya ko ta ba mutum mudu, ba za ta tsaya bayanin tozo ba. Na sa abin da ya ce, na kuma kyautata.

Ya ce to kebul ɗin ne, irin na cikin kwali sukan zo da lalura. A nemo wani. Na bincika Gummi kaf ban samu ba. Wani abokin ciniki na Bukkuyum ya ce ya taɓa ganin irinsa wurin wani mai gyaran waya a Anka. Washegari da sassafe na kama hanya, don hanya ce da ba a son la'asar ta tarar da mutum a kanta. Na samo kebul ɗin. Har tayi na yi, na sa mai shi ya haɗa mini da murfin waya kyauta, na fito ina jin na yi abin kai.

Da na iso fadama na ga abin da rana ta yi a bayana. Fangalolin kusa da rijiya suna nan da ɗan danshinsu, don 'yar kawu ta wuni tana kashe akwatin tana kunnawa, tana tatsar ɗan abin da zai bayar kafin ya kwanta. Na can ƙarshe kuwa sun koma ruwan ɗorawa, ganyen ya nannaɗe kamar tsinke, ƙasa ta tsage har yatsa na shiga.

Na lulluɓa, na jona sabon kebul, na kama sabuwar ƙofa ba tare da na saurari kowa ba, na rubuta dubu gomata. Sawun kaji ya zubo, kore, ƙato.

Na yaye rigar. Tana tsaye a kaina da fartanya a hannu.

"Alhaji," in ji ta, "in abin ba shi yiwuwa, ka hwaɗa min tun yanzu, in san abin da za ni gaya ma yara."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa ce mini Alhaji ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na ɗauki laftof ɗin a buɗe na nufi tudu, ta biyo ni. Na kira injiniya, na buɗe muryar wayar don hannuwana duka suna riƙe da kaya.

"Sabon kebul ma haka?" ya ce. "To, Alhaji, mu bi a hankali. Koma shafin saiti, ka karanta mini abin da ke cikin kowane gida. Kada ka ce mini daidai ne, karanta kawai."

Na karanta masa ƙofar. Ya ce madalla.

"Gudu?"

"Dubu goma."

Shiru. Na zaci sabis ne ya ɗauke, na ɗaga wayar sama wajen reshen tsamiya.

"Alhaji, nawa ka ce?"

"Dubu goma cif."

"Ni nawa na ce?"

"Dubu tara da ɗari shida. Na cike maka."

"Ka cike mini."

"Abin da na ɗora bai taka kara ya karya ba, Injiniya. Ko a kasuwa ai ba a barin lamba haka da gutsure."

Na ji ya ja numfashi, na kuma ji ya rufe bakin wayar ya yi magana da wani a gefensa, wanin ya tuntsire da dariya. Da ya dawo sai ya tambaye ni ko na taɓa ganin mata biyu suna daka a turmi ɗaya. Na ce a gidan da na tashi har uku suna yi. Ya ce to wannan lamba ba yawan wani abu ba ce da za a ƙara don kyautatawa, kiɗan taɓaren ne. Akwatin yana sauke nasa a kan dubu tara da ɗari shida, kuma ba zai canza ba don ganin girmana. In kwamfuta ta ɗan fi shi sauri, bugun farko da na biyu za su shige lafiya, daga nan taɓare su fara karo. Shi ya sa nake ganin rabin harafi rabin shara.

"Da ka sa wata lamba can nesa, da tun jiya na gane," ya ce. "Kusan da ka yi ne ya ɓatar da ni."

Na juya. 'Yar kawu ta zauna a kan saiwar tsamiya, ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Ɗan mai awo," ta ce da ta samu numfashi. "Injin ma sai da kay yi mai tozo. Har Anka kat tahi neman abin da ke cikin yatsanka. Tashi, ɗan gwaggo, tashi mu tai kahin in mutu nan."

Jin ɗan gwaggon nan ya dawo ya fi mini komai daɗi a ranar.

Na koma ƙarƙashin riga, na goge, na rubuta dubu tara da ɗari shida. Har a lokacin sai da lambar ta yi mini kama da abin kunya. Na danna. Rubutu ya sauko layi-layi, tsaf, kowane harafi a mazauninsa: sunan akwatin, ƙarfin da fanel ke bayarwa, sannan wata 'yar alama tana jiran in yi magana. Da tsohon kebul ɗin ma na gwada daga baya, lafiyarsa ƙalau.

Saura ƙaramar fitina ɗaya. Na rubuta kalmar farko, ban ga komai a allon ba. Na sake rubutawa da ƙarfi, kamar mai buga ƙofar kurma. Na sake. Da na danna babban maɓalli akwatin ya ce bai gane ba, don ya karɓi kalmar sau uku a jere a manne da juna. Na sake hawa tudu, 'yar kawu na biye da ni. Injiniya ya ce akwatin yana ji, tagar ce ba ta nuna mini abin da na faɗa, akwai wani ɗan gida da zan yi wa alama don in riƙa ganin rubutuna. Ya faɗa mini lambar da zan sa a ma'aunin rijiyar, ya sa na maimaita masa, ya kuma ce in ba Hajiya wayar. Ita ma ya faɗa mata.

Wannan karon ba ta bar ni na lulluɓa ni kaɗai ba. Ta riƙe gefen rigar ta leƙo da kai.

"Karanta in ji."

Na karanta.

"Ba ka ɗora komi ba?"

"Ban ɗora ba."

"Ko ɗan na albarka?"

"Ko shi."

Na rubuta kalmar da ke sa akwatin ya riƙe sabon saitin, na kashe shi na kunna. Famfon ya yi gurnani, tiyo ya kumbura, ruwa ya fito da jar ƙasa sannan ya washe. Ba wanda ya yi murna, don haka yake farawa kullum. Muka tsaya muna kallon fitilar akwatin, muna jiran jan idon. Lokacin da ya saba kwanciya ya zo ya wuce. Ruwa ya cika fangalin farko, ta sare masa baki da fartanya ya shiga na biyu. Ƙasar tana shan sa da wata 'yar ƙara kamar ana soya abu a nesa. Har rana ta karkata fitilar ba ta canza ba.

Yawancin gonar ta farfaɗo. Fangalolin can ƙarshe ba su tashi ba. Na bi abokan cinikina na roƙo ragowar iri wurin wanda ya rage masa, na naɗe wando na shiga laka na dasa da hannuna, ita tana kan kunya tana gaya wa duk mai wucewa cewa ta yi sabon ɗan ƙodago daga cikin gari, a yi masa haƙuri, layinsa ba ya miƙewa. Dashen ya makara, abin da ya bayar kaɗan ne.

Yanzu duk akwatin da zan sayar sai na buɗe baƙar tagar a shago, a inuwa, na saita shi kafin ya fita. Rubutun har yau kore ne, na saba da shi. Lambar nan kuma har yau in na rubuta ta sai yatsana ya ɗan yi jim.

Da aka yi girbi ta aiko in zo. A gidanmu in taubashi ya yi noma akan ɗiba wa ɗan'uwa na taɓa-baki. Na tarar da ita a masussuka, ga tsibin shinkafa, ga mudu. Na buɗe bakin buhuna kamar yadda nake yi wa Inna. Ta nitsa mudun ta cika shi, ta tara masa tozo mai kyau har yana zuba. Sannan ta kalle ni, ta sa gefen tafinta ta shafe shi tas, daidai da baki, ta juye mini.

"'Yar kawu, wanga wane irin awo na?"

"Mudu kac ce," in ji ta, ta sake nitsa shi cikin tsibin. "Riƙe buhu da kyau, kana zubar min."